Talatar Barakatu

Barakatu mai banda marowaciya ce, kuma ba ta taɓa wahalar da kanta wajen ɓoyewa ba. Duk Tungar Maliki, wadda ke bakin tafki kudu da Yelwa, babu matar da za ta ce ta taɓa samun ko kan kifi kyauta a hannunta. In maƙwabciya ta zo ɗibar wuta, sai ta dubi kaskon, ta dubi murhunta, ta zaɓo garwashin da ya fi kusa da mutuwa. In an yi mata magana ta ce, "Ke in kin rasa kina da kawu. Ni wa gare ni?" Daga nan ta juya ta ci gaba da jera kifinta.

Gaskiya ta faɗa. Sunan da uwarta ta raɗa mata Efuwa, a wani garin masunta na bakin teku a ƙasar Gana. Ta zo a 1970, bayan an datse kogin Kwara a Kainji, ruwa ya cika, labarin yawan kifi ya kai har ƙasashen waje. Tare suka zo da mijinta Kojo, da ƙanensa Kwamina, da ɗanta mai shekara bakwai. Sarkin tungar, Maliki, ya ba su fili a gefen gabas inda wasu gidaje shida na mutanen Gana suka riga suka kafa bukkoki.

Mutanen nan sun zo da wata al'ada. A garinsu ba a shiga ruwa ranar Talata. Maza su ja jirage kan tudu su zauna ɗinkin taru, mata kuwa tunda babu ɗanyen kifi sai murhunan banda su wuni da sanyi. 'Yan ƙasa, Sarkawa da Gungawan tungar, suna yi musu dariya, su kuma ba su fasa ba. A shekara ta uku Kojo ya gaji da kallon wasu suna dawowa da giwan ruwa shi yana zaune da allura. Ya ce wa matarsa wannan ba teku ba ne, ruwan da mutum ya tare da siminti bai san wata rana ba. Ya fita wata Talata. Da azahar iska ta taso, jirginsa ya hau kan ɗaya daga cikin itatuwan da tafkin ya rufe, ya tsage. Ranar Alhamis aka samo gawarsa wajen Ngaski.

Kwamina ya ce ta shirya ya mai da ta gida. Ta ce ba za ta koma hannu biyu ta zauna ƙarƙashin uwar miji ba. Bayan shekara guda ta ja ɗanta zuwa wurin limamin tungar, Malam Sani, suka musulunta. Ita ta zama Barakatu, yaron da ake kira Kweku ya zama Jabiru. Masu cewa don ciniki ta yi ba su yi ƙarya duka ba, domin dillalan kifi na Yelwa sun fi sakin jiki da mace mai mayafi. Amma ba a taɓa kama ta ta sha azumi ba, kuma sallarta ta fi ta wasu da aka haifa a ciki. Ta bar gefen gabas ta gina murhunta a tsakiyar tungar. Ta daina ɗaurin zanen garinsu, ta koyi tuwon shinkafa. Duk sanda yaron ya yi mata magana da harshensu sai ta zabga masa sandar juya kifi, har ya manta shi tas. Kafin ya kai shekara goma sha biyar, in ya buɗe baki babu mai cewa ba a Yawuri aka yanke cibiyarsa ba.

Abu ɗaya ne ba ta saki ba. Ranar Talata murhunta ba ya ganin wuta, kuma Jabiru ba ya taka jirgi. Ya girma ya zama gwanin taru, yana aiki a jirgin wani Basarke, amma kowace Talata yana gindin bishiya da allura kamar tsoho. Abokansa sukan wuce su ce, "Jabiru, yau ma Inna ta ɗaure ka?" Ya dawo gida ya yi ta ƙunƙuni. Ta ce masa in ya ga dama ya yi kuka, ita dai ba za ta je Ngaski ɗauko gawa sau biyu ba.

Ranar Litinin, sha bakwai ga Janairun 1983, rediyo ya faɗi cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar cikin mako biyu. Barakatu tana cire ƙayar karfasa ta ji. Ba ta da takarda ko guda. Ko wadda suka shigo da ita tana cikin jakar Kojo ranar da ya nutse.

Gefen gabas ya watse cikin kwana goma. Suka sayar da taru da injuna a wulaƙance, suka haɗu suka ɗauki babbar mota guda. Ranar da za su tashi Kwamina ya zo har bakin murhunta. Da harshensu ya yi magana, kuma shi kaɗai ya rage mai kiranta da tsohon suna.

"Efuwa, na ajiye muku wurin mutum biyu. Tashi."

Da Hausa ta ba shi amsa. "Ka sauka lafiya."

"Yaron nan ɗan wana ne. In sun kama shi fa? Gara ya tafi da ƙafarsa."

"Ya je ya ce musu mi? Ko ruwan sha bai iya roƙo ba da bakinku."

"Ke kika mai da shi haka."

"Ni ce."

Jabiru yana tsaye yana duban wannan ya dubi wancan. Ya ce, "Inna, mi Baba Kwamina ke cewa?"

"Cewa ya yi ka riƙa shanya taru da kyau."

Motar ta tashi. Direbobin kifi da ke dawowa daga kudu suka riƙa kawo labarin mutane jibge a kan iyaka, ba gaba ba baya, masu ciki suna haihuwa a bakin titi. Barakatu ta daina cin abinci sosai. Ta je wurin Malam Sani ta roƙe shi ya rubuta mata cewa a nan aka haife su. Ya ce zai shaida ko gaban wane ne cewa ita Musulma ce, amma abin da ya san ƙarya ne ba zai sa masa hannu ba. Ta durƙusa ta kama gefen buzunsa. Ya janye buzun a hankali ya ce ta yi addu'a.

Wa'adin ya cika ranar Litinin. Bayan la'asar Maliki ya zo da kansa, ya tsaya nesa da hayaƙi, domin yana da tari.

"Barakatu, surukina da ke masinja a Yelwa ya aiko. Gobe ma'aikatan shige da fice za su bi tungayen bakin ruwa. Kuma an riga an koya musu dabara. An ce kada su wahalar da kansu da tambaya, su zo ran Talata, su duba wa ya bar jirgi kan tudu, wace ce murhunta ke sanyi."

"Wa ya koya musu?"

"Wa bai sani ba? Shekara goma sha uku muna kallonku." Ya yi tari. "Gobe ki hura wuta tun da asuba. Yaron kuma ya bi jirage."

"Gobe Talata, Sarki."

"Ai shi ya sa na zo."

"In ɓoye shi cikin ɗaki."

"Ɗaki nawa gare ki? Kuma in sun tambaye ki garinku, ki nemi abin faɗi tun yanzu. Ni dai zan ce na san ki da daɗewa, ba zan ƙara ba, ba zan rage ba."

Da ya tafi ta zauna kan turmi, ta bi matan tungar ɗaya bayan ɗaya a ranta, tana neman wadda ta taɓa yi wa alheri. Ba ta samu ba. Sai ta miƙe ta zagaya dangar da ta raba ta da Zuliha.

Zuliha Bagungiya ce, ta girme ta da kusan shekara goma. An haife ta a wani tsibiri da ake kira Gungun Kanya, wanda tafkin ya haɗiye. Gwamnati ta gina musu gidaje a tudu, Zuliha ta ce zafinsu ya fi na murhu, ta dawo bakin ruwa. Shekara tara suna maƙwabtaka da Barakatu, shekara tara suna faɗa kan itace da kaji.

"A'a, Hajiyar garwashi," in ji Zuliha, ba ta ɗago daga tsintar shinkafa ba. "Wuta kika zo ɗiba? Tawa ta mutu."

"Gari na zo nema."

"Mi?"

"Gobe za su tambaye ni garinmu. Ba ni da wanda zan faɗi."

Zuliha ta ajiye faifai ta dube ta tun daga ƙafa har kai. "Kin tuna ran da ɗiyata ke naƙuda, na zo neman itace biyu na ruwan zafi?"

"Na tuna."

"Mi kinka ce?"

"Na ce daji bai ƙare ba."

"To."

Barakatu ta durƙusa a ƙasa, cikin kashin kaji. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ce a yafe mata ba, don ba ta iya ba. Ta ce, "Ba don ni ba. Jabiru bai san kowa can ba."

Zuliha ta daɗe tana kallon ruwa. Sannan ta ce, "Namu yana ƙasa, ba mai kwana ciki sai tarwaɗa. Ki shiga in kina so. Ba mai zuwa ya duba. Amma giwan ruwan da kika fi ji da shi cikin bandarki, nawa ne. Ba wanda za ki zaɓa ba, wanda ni zan zaɓa."

Ko a wannan hali sai da Barakatu ta yi jim kafin ta ce to.

Har magariba Zuliha tana koya mata. Sunan hakimin tsibirin, da sunan unguwanni biyu, da inda kanyar take, da shekarar da kwalekwalen amarya ya kife. Ta ba ta uba, wani Dauda mai saƙar gurar kamun kifi da ya mutu bai bar ɗa namiji ba, ta ba ta gaisuwar safe da yarensu. In Barakatu ta yi kuskure sai ta ce, "Kan kifi gare ki? Sake." Tun da aka tashe su babu wanda ya zauna ya tambayi Zuliha waɗannan abubuwa, har 'ya'yanta, shi ya sa ta wuce abin da ake bukata, ta shiga ba da labarin gonar albasar uwarta. Barakatu ta haddace har da albasar.

Da asuba ta raka Jabiru bakin ruwa, abin da ba ta taɓa yi ba. Shi murna yake yi, yana ƙoƙarin ɓoyewa.

"Kada ku yi wajen Ngaski."

"To, Inna."

"In iska ta taso ku yanke tarun ku bar shi."

"Tarun mutane, Inna?"

"Na ce ku yanke."

Ta tsaya har ƙarar injin ta ɓace. Ta dawo ta tsuguna gaban murhu da ashana a hannu. Sau huɗu tana ƙyastawa, wuta ba ta kama ba. Zuliha ta leƙo ta kan danga, ta tafi, ta dawo da kasko cike da garwashi jajir ta juye mata. Ta ce, "Haka ake ba mutum wuta. Ki gani ki koya."

Da hantsi mota ta tsaya a bakin tungar. Ma'aikata biyu da ɗan sanda guda. Suka fara da gefen gabas, suka tarar da bukkoki wayam. Sannan suka bi murhu murhu, babbansu yana kai bayan hannu kusa da kowanne. Mutum ne mai furfura a gemu, ba ya ɗaga murya, kuma da alama ya gaji da aikin. Matan tungar suka fito suka yi tsaye. Barakatu ta san kowace a cikinsu tana da dalilin buɗe baki.

"Sunanki?"

"Barakatu."

"Barakatu wa?"

"Dauda."

"Hausarki ba ta nan ba ce."

"Ta Gungawa ce," in ji Zuliha daga bayan danga. "Mu da tsufanmu munka koya. Kai ma in an kai ka garinmu haka za ka riƙa gwaranci."

Wasu mata suka yi dariya. Ma'aikacin bai yi ba. "Ba ke na tambaya ba, Inna. Ke, ina garinku?"

"Gungun Kanya."

"Yana ina?"

Barakatu ta ɗaga sandar juya kifi ta nuna tsakiyar tafki. "Ga shi can. Sai dai ka yi nutso."

Ya tambayi hakimi, ta faɗa. Ya tambayi unguwa, ta faɗa, ta ƙara masa da kanya da albasa. Ya juya ga Maliki, Maliki ya ce ya san ta da daɗewa. Ya dubi matan. Wata ta gyara goyo, wata ta tofar da yawu, ba wadda ta ce uffan. Sai ya duba wata takarda a hannunsa ya ce an gaya masa akwai saurayi a gidan nan da ba ya shiga ruwa ran Talata.

"Yana ruwa."

"To, zan jira shi."

Aka kawo masa benci ƙarƙashin bishiyar da Jabiru ke zama ɗinki. Da azahar iska ta taso daga gabas. Tafkin ya yi duhu, igiyar ruwa ta fara dukan gaɓa tana watso kumfa har kan jiragen da aka ɗaure. Barakatu tana tsaye gaban murhu, bayanta ga ma'aikacin, idonta ga ruwa. So take ta ruga bakin gaɓa ta yi ta ihu, amma matar da ta saba ɗanta na fita kowace rana ba ta yin haka don 'yar iska. Ta tsaya inda take. Bakinta yana motsi, ita kanta ba ta san da wane harshe take roƙo ba, ta dai kula kada sauti ya fita.

Jirage suka fara dawowa ɗaya ɗaya. Na farko, na biyu, har na bakwai. Kowanne ta tambaya da ido, a ce mata sun rabu tun safe. Ƙauri ya cika tungar. Jere biyu na tarwaɗa sun zama gawayi a gabanta ba ta gani ba, ita da ba ta taɓa ƙona ko wutsiya ba.

"Kifinki na ƙonewa," in ji ma'aikacin.

"Ƙyale ta, ranka ya daɗe," in ji Zuliha. "Tun muna yara haka take, ba ta iya komai ba sai rowa."

La'asar ta yi, aka yi salla, babu jirgin su Jabiru. Barakatu ta yi sallarta a gefen murhu, ta kasa tuna raka'a nawa ta yi. Rana ta yi ja sannan aka hango su, babu ƙarar inji, suna tuƙi da filafili. Ruwa ya shiga injin, sun fake bayan wani dutse har iskar ta faɗa. Jabiru ya diro, jiƙe sharkaf, yana dariya, yana jan giwan ruwa da ya kai cinyarsa.

"Inna, ba mu yanke tarun ba."

Ma'aikacin ya kira shi, ya tambayi sunansa da na maigidansa da inda suka kai. Jabiru ya amsa da Hausar da ta fi ta mai tambayar zama ta Yawuri. Mutumin ya ninke takardarsa ya miƙe. Maliki ya yi wa Barakatu ido, wai a sallami baƙi da ɗan kifi. Ta shiga ta fito da biyu daga cikin ƙonannun. Ma'aikacin ya dube su ya ce ta bar shi, ya gode.

Da motar ta tafi Barakatu ta zauna a ƙasa inda take. Zuliha ta tsallake ta, ta shiga rumfa, ta zaɓi giwan ruwanta.

Ba a sake zuwa ba, amma Barakatu ba ta yarda ba za a sake ba. Kowace Talata takan hura wuta, kuma Jabiru bai ƙara zama gindin bishiya ba. Tun da ya fita ya dawo da rai, maganarta ta daina kama shi. Shekara bakwai, duk Talata tana tsaye gaban murhu tana kallon ruwa har ya dawo, kifin ranar kuwa ba ta taɓa sa shi a baki ba.

Bayan shekara biyu wani direba ya zo da wasiƙa da ta biyo hannu hannu daga Gana. Ya tsaya tsakiyar tungar yana karanta sunan da ke bayan wasiƙar da ƙarfi, Efuwa. Barakatu ta ce masa babu mai wannan suna a nan. Ya ce an kwatanta masa gidan. Ta ce an yi masa kwatancen banza. Ya mayar da ita aljihu ya tafi. Ba ta taɓa sanin ko uwarta ce ta mutu, ko kuwa gaisuwa ce kawai ba.

Jabiru ya yi aure, ya nemi takardar shaidar asali, aka rubuta masa Gungun Kanya. Da ita 'ya'yansa suka shiga makaranta. Da yamma sukan zauna wurin Zuliha ta ba su labarin tsibirin kakanninsu, da kakansu Dauda mai gura, Barakatu tana jin su ta danga. Rowa kuwa ba ta rage ba. Zuliha kaɗai ke samun garwashi mai rai, shi ma sai an yi mita.

Ciwon ƙirji ya kwantar da Barakatu a daminar 1990, shekara guda kafin a yanke Kebbi daga Sakkwato. Hayaƙin shekara ashirin ne, in ji malamin asibiti a Yelwa. Da ta ga ba tashi za ta yi ba, ta sa aka kira mata matan da suka tsaya a bakin murhunta ranar nan. Shida suka rage. Ta sa aka fitar da jikokinta waje, aka saki labule.

Ba ta gode musu ba. Ta ce, "Kun yi shiru sau ɗaya, ku ƙarasa. Yaran nan 'yan Gungun Kanya ne, haka takardarsu ta ce. Ko bayan raina, ko kun yi faɗa da matar Jabiru, kada wadda ta gaya musu wani abu daban."

Suka ce sun ji. Ta huta, numfashinta yana ƙara kamar ana jan zarto. Sannan ta nemi Zuliha da ido.

"Kin san sunan nan da direba ya karanta?"

"Na sani. Duk tungar ta ji."

"Faɗi in ji ko kin iya."

Zuliha ta faɗa. Barakatu ta ce ba haka ba, ta gyara mata sau biyu, har ya fito daidai.

"To. In kun zo yi mini wanka, ke za ki riƙe kaina. Kafin ku rufe fuskar, ki sunkuyo ki kira ni da shi sau ɗaya a kunne. A hankali, kada na waje su ji."